Ta nace sai zoben daimon, Hajiya ta ce gwal

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara shida ke nan ina aiki a Ingila, kuma yarinyar da nake nema a nan aka haife ta, ko da yake iyayenta Zage-zagi ne, mahaifinta ma tare suka yi karatu da kawuna, shi ne ya haɗa mu a wani taron suna. Ta ce kafin a sa rana sai na ba ta zoben daimon mai dutse ɗaya wanda ƙugiyoyi shida suka riƙe, alhali Hajiyata ta rantse ba za a taɓa kuɗin gwal na lefe ba. Na rasa yadda zan yi.

Alhaji mai gwal: Yaro, talla ce ta kama ta. Gaskiya ne a 1477 Maximilian na Ostiriya ya ba Mary ta Burgundy zoben daimon, amma wannan harkar sarakuna ce. Talaka bai shiga ciki sosai ba sai da aka tono ma'adinan Kimberley a Afirka ta Kudu, sannan kamfanin daimon na De Beers ya cika Amurka da tallar da ya fito da ita a 1947, har daga baya aka koya wa samari cewa albashin wata biyu ne kimar zobe. Mai ƙugiya shidan nan kuwa kamfanin kayan ado na Tiffany ne suka fito da shi a 1886. Ranar da za ka sayar, za ka sha mamaki. Gwal kuwa awo ake yi a biya ka.

Anti daga Kaduna: Alhaji, gwal ɗin ma ba ya zama. Nawa mijina ya ara ya ce zai juya, yau shekara tara ko ɗan kunne ban gani ba.

Wani ɗalibi: Yaya, akwai daimon da ake haɗawa a masana'anta, sinadarinsa ɗaya da na ƙasa, farashinsa kuma ya yi ƙasa ƙwarai.

Alhaji mai gwal: Wannan ai ya fi saurin faɗuwa a kasuwa.

Mai tambaya: Na gode, amma ba ku fahimce ta ba, ita ba mai son abin duniya ba ce. Kuma na riga na ba da kafin alƙalami tun watan jiya.

Anti daga Kaduna: To, Hajiyar ta sani?