Terminator na ƙarshe: daga wanne zan fara?

Ɗan Auta: Salamu alaikum jama'ar zaure. Gobe Alhamis zan shiga kasuwar Maigatari, ina so a tura min fim ɗin Kwamando, wato Arnold Schwarzenegger, Terminator na ƙarshe da ake ce wa Dark Fate. Sai na kalli na baya duka, ko zan gane shi haka nan?

Mai Caji: Wa alaikumus salam. Na ɗaya da na biyu sun ishe ka.

Malam na Firamare: Haka ne. Shi ne na shida, ya fito a 2019, amma labarinsa a kan na biyu na 1991 ya ɗora. Na 2003 da 2009 da 2015 tsallake su aka yi. Shi ya sa Linda Hamilton ta dawo a matsayin Sarah Connor, har da furfurarta.

Mai Gidan Kallo: Auta, kafin ka miƙa wa kowa memorinka, ka ji abin da ya same ni. Wani mai tura finafinai ya rantse min cewa nasa garau ne. Na dawo gari na rubuta a allo, na zuba wa janareto mai, bayan isha'i benci ya cika har da mutanen rugar gabas. Ashe da waya aka ɗauko shi a sinima. Hoto dishi-dishi, kawunan mutane na giftawa, ga tarin wani yana fita fiye da muryar 'yan wasa. Abin da ya fi ƙona min rai, jim kaɗan da fara fim ɗin a Meksiko ake, Dani, yarinyar da ake farauta, da 'yan gidansu suna ta Sifaniyanci, rubutun fassarar da ke ƙasa kuma an yanke shi. Ana tsakiyar faɗan cikin jirgin sama abin ya tsaya cak. Wallahi sai da na mayar wa kowa kuɗinsa, man kuma ya ƙone a banza. Ka sa a buɗe maka shi a gabanka, ka duba farko, ka ja zuwa ƙarshe. In bai kai awa biyu da 'yan mintuna ba, guntu ne.

Mai Caji: Kuma ka tafi da memori mai fili, don kar a matse maka shi hoton ya lalace.

Kawu: Ni tun da suka kashe John Connor, ɗan Sarah, a mintunan farko na fita daga sha'aninsu. Yaron da aka sha wahalar tsaronsa fim biyu!

Ɗan Auta: Haba Kawu! Ai ka gama ba ni labarin.

Kawu: Yi haƙuri ɗana, abin ne yake cina.

Direba: Shi Kwamandon ma sai an yi nisa yake fitowa, wai sana'ar labule yake yi a Texas. Rambo ba zai yarda da haka ba.

Mai Caji: Direba kar ka fara. Rambo ya taɓa yin gwamna? Arnold ya riƙe Kalifoniya daga 2003 zuwa 2011.

Direba: Gwamna daban, duka daban.

Malam na Firamare: Ku yi wa Kwamando adalci, haihuwar 1947 ne. Ni dai mugun cikin ya burge ni, Rev-9, wanda ke rabuwa biyu, ƙarfen ya tsaya gefe, baƙin ruwan ya zama wani mutum. Amma fim na biyu ya fi wannan nesa ba kusa ba, musamman inda ake sauke Kwamando cikin narkakken ƙarfe.

Yaya Babba: Akwai mai fassarar Hausa? Tsohonmu yana so, Turancin ne ba ya ji.

Mai Gidan Kallo: Yaya, ka tambayi masu turawa. Ka dai kalla kai kaɗai tukuna, akwai zagi da jini, bai dace a zauna da yara ba.

Direba: Auta, in da wuri za ka fita, ƙarfe bakwai zan tashi daga bakin tasha, akwai wuri ɗaya a gaba.

Yaya Babba: To ka biyo ta gida ka karɓi nawa memorin ma.