Na'urar gem ɗina ta ƙi karɓar gyara, "Permission denied" kawai take ce mini

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 3 da na ɗora wa RetroPie, manhajar buga tsofaffin gem, na jona ta da talabijin a shagona na cajin waya. Yaran unguwa kan taru bayan la'asar su buga tsofaffin gem na Sega da Super Nintendo, ni ma in shago ya yi sanyi nakan tuna da yarinta. Matsalar ita ce hoton ya baje, 'yan wasan duk sun yi ƙiba, ina so in maida shi 4:3 kamar na tsohuwar talabijin. Na shiga ta WinSCP, manhajar da ke buɗe fayilolin na'urar daga kwamfuta, na buɗe fayil ɗin saiti retroarch.cfg da ke cikin /opt/retropie/configs/all, na gyara, amma da zarar na danna ajiyewa sai ta ce "Permission denied", wato ba ni da izini. Shekaranjiya lafiya lau yake ajiyuwa. Kwana biyu ke nan ina fama, mi ya kamata in yi?

Na Arkilla: Wa alaikumus salam. Abu mai sauƙi. Buga chmod 777, umarnin sauya izini, a kan fayil ɗin da sudo a gaba don ya yi aiki da cikakken iko, shi ke nan ka huta.

Baban Ummi: A'a ƙanena, kada ka fara. Don makulli ɗaya ya ɓace ba a cire ƙyauren gida gaba ɗaya. 777 na nufin kowa ya karanta, kowa ya rubuta, kowa ya kunna, kuma ainihin ciwon yana nan ba ka taɓa shi ba. Ɗan Mabera, jona kibod, danna F4 ka fita daga EmulationStation, wato menu na zaɓen gem, zuwa baƙin allon rubuta umarni, ka rubuta:

ls -l /opt/retropie/configs/all/retroarch.cfg

Turo muna abin da ta nuna. Sannan ka faɗi gaskiya, mi ka taɓa shekaranjiya?

Ɗan Mabera: Yaya, ga shi: -rw-r--r-- 1 root root. Gaskiya kuwa na taɓa. Yara sunka dagula saitin, sai na goge tsohon fayil ɗin, na buɗe sabo da sudo nano, manhajar gyaran rubutu, na zuba na wani abokina a ciki.

Baban Ummi: To ga ɓarawon nan. Duk fayil ɗin da ka ƙirƙira da sudo, na root ne, wato maigidan na'urar baki ɗaya. Kai kuwa ta WinSCP da sunan pi kake shiga. Dubi haruffan da ka turo: rw na farko na mai fayil ne, shi kaɗai ke karatu da rubutu. Sauran r biyun na kowa ne, leƙe kawai aka yarje musu. Ka zama kamar ɗan haya da aka ba shi izinin kallo ta taga. Da tsohon fayil ɗin ka gyara da sudo nano ba tare da ka goge shi ba, da mallakar ba ta sauya ba, gogewar nan ce ta ja maka.

Maida wa pi kayansa da chown, umarnin sauya mai fayil:

sudo chown -R pi:pi /opt/retropie/configs

Amma ka duba da idonka sau biyu kafin ka danna Enter. In tazara ta shiga tsakanin sandar farko (/) da opt, to na'urar duka ka ce a sauya wa mai ita, har da /etc inda saitin na'urar yake, kuma daga nan sudo kanta za ta ƙi aiki, domin ba ta yarda fayil ɗinta ya fita daga hannun root. Ya taɓa faruwa da ni da azumi a baki, sai da na sake ɗora komai daga farko.

Ɗalibar Danfodiyo: Baban Ummi ya gama magana. Ƙari ɗaya: wanda ya ɗora RetroPie da hannu a kan sabuwar Raspberry Pi OS ya fara buga whoami ya ga sunan da yake shiga da shi, don tun 2022 aka daina zuwa da sunan pi kai tsaye. Sunan da ya fito shi za a sa a madadin pi:pi.

Mai gyaran waya, Kofar Atiku: Ni nawa tsoron daban ne. A garin nan da ake ɗauke wuta ba sallama, katin memori ne ke shan wahala. In wuta ta tafi na'ura na cikin rubutu, Linux kan kulle katin ya koma na karatu zalla, a nan ko chown ba ta cin komai. Gwada touch /home/pi/gwaji ka ga ko za ta iya ƙirƙirar sabon fayil. In ta yi shiru, kati lafiya. In ta ce "Read-only file system", kwashe gem ɗinka da ajiyar wasanni tun da wuri ka nemi sabon kati. Kuma ka riƙa kashe ta ta cikin menu, ba fizge waya ba.

Na Arkilla: Ni dai 777 ɗina shekara guda ke nan yana aiki.

Baban Ummi: Yana aiki mana, har ranar da ba zai yi ba. Allah ya kiyaye.

Ɗan Mabera: Alhamdu lillahi! touch ta yi shiru, chown ta wuce, yanzu pi pi take nunawa kuma ya ajiyu. Sai dai Super Nintendo ta gyaru, Sega kuwa har yanzu hoton a baje yake.

Ɗalibar Danfodiyo: Wannan ba izini ba ne. Kowace na'urar gem, kamar Sega ko Super Nintendo, tana da nata retroarch.cfg, na Sega yana cikin foldar megadrive, kuma abin da ke cikinsa shi ke rinjayar na foldar all. Buɗe shi ka duba ko abokinka ko yaran sun sa wani saitin hoto a can. In za ka ƙara layi, sa shi sama da layin da ya fara da #include, in ka sa ƙasa ba zai yi tasiri ba.

Ɗan Mabera: Na gan shi, layi ɗaya ne, na goge, hoto ya daidaita. Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi. Yaya Baban Ummi, in ka biyo ta Mabera cajinka kyauta ne. Kibod ɗin kuma na zare na kai gida, yaran ga sun gano F4.