Ƙarin ƙwaƙwalwa ya faɗaɗa a hoton MRI bayan gashi (radiotherapy) da maganin temozolomide: magani ya gaza ke nan?

Hauwa_Radiyo: Assalamu alaikum. Majinyaci ne mai glioblastoma (mummunan ƙarin ƙwaƙwalwa), an yi masa tiyata, ya gama gashi na 60 Gy (ma'aunin yawan gashi) cikin zama 30 tare da temozolomide. A hoton sati huɗu bayan gashi, wurin da ke ɗaukar gadolinium (ruwan allurar da ke sa ƙari ya yi haske a hoto) ya faɗaɗa, alhali jikinsa na ƙara sauƙi. A sauya magani? Kuma wane awo ne ke nuna tun da wuri ko magani zai ci?

Dakta Sani: Wa alaikumus salam. Kada a yi gaggawa, 'yar'uwa. Gashi na raunana bangon jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, sai gadolinium ya riƙa yoyo, hoto ya yi haske ko da ƙarin na mutuwa. An fi ganin haka cikin sati 12 na farko, musamman idan MGMT ɗin ƙarin (ƙwayar gado mai gyara DNA) na da methylation, wato sauyin da ke hana ta aiki, kuma masu irin wannan ƙarin ne temozolomide ya fi yi wa aiki. Shi ya sa ƙa'idar RANO ta 2010, ta auna tasirin magani a ƙarin ƙwaƙwalwa, ba ta yarda a ce cuta ta ci gaba a wannan tsakanin ba, sai in sabon haske ya fito a wajen inda aka gasa, ko an yanko nama an tabbatar. A ci gaba da magani, a maimaita hoto bayan sati huɗu zuwa takwas.

Bashir_MRI: Dakta ya yi gaskiya. A ƙara da awon gudun jini na MRI da ake kira DSC: ƙari mai rai rCBV ɗinsa (yawan jinin wurin in an kwatanta da lafiyayyen nama) na hawa, naman da gashi ya ƙona kuwa ƙasa yake yi. Amma yoyon gadolinium na ɓata lissafin, rCBV ya fito ƙasa da gaskiyarsa. Maganinsa a fara ba da ɗan kason gadolinium mintuna kaɗan kafin awo, sannan babbar allurar ta shiga da gudun mililita 3 zuwa 5 a daƙiƙa, da kanula mai faɗi. In jijiya ta fashe, awon ya tashi a banza.

A duba ADC ma, wato awon yadda ruwa ke motsi a cikin nama, da saitin b (ƙarfin awon) a 0 da 1000. Ƙwayoyin ƙari sun cunkushe, ADC ƙasa. Sun fara mutuwa, ya hau.

Dakta Sani: Game da hasashe, a ƙarin da ya dawo an ga masu ƙarancin ADC kafin fara bevacizumab (maganin da ke hana ƙari yin sababbin jijiyoyin jini) ba su cika daɗewa suna amfana da shi ba. Wannan maganin kuma yana ruɗarwa ta ɗaya gefen: yana toshe yoyon cikin kwana ɗaya ko biyu, haske ya dushe, ƙarin kuwa na bazuwa a FLAIR (wani nau'in hoton MRI). Don Allah a rubuta adadin dexamethasone (maganin kumburi) da majinyaci ke sha ranar hoto, domin shi ma yana rage hasken.