Ƙotar bindigar farautata ta tsage, wane itace zan sa a sassaƙa mini?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mafarauta. Daga Daura nake. Ina da bindiga Brno mai sakata, ƙirar ƙasar Czech, mai cin harsashi .22, da lasisinta. Zomo da zabon daji nake harbi da ita.

A hunturun bara ƙotar ta tsage a bayan kunama, daidai inda hannu yake kamawa. Na cika tsagin da gam na ɗaure da roba kwana uku. Ya riƙe, amma bayan harbi kamar ashirin ya sake buɗewa.

Sai na kai wa wani masassaƙi ya yi mini sabuwa da ƙirya. Ƙarfi kam ba a magana, sai dai nauyi, kafaɗa take gajiya kafin a kai azahar. Babbar matsalar kuma, da damina ta sauka sai itacen ya murɗe, ya fara taɓa bututun ta gefen hagu. Daga taku hamsin harsashi yana kaucewa kusan tafin hannu zuwa dama. Na kankare ramin da bututun yake kwanciya, na sassauta kusoshin na sake ɗaurewa, ya ɗan gyaru, bayan mako biyu ya koma gidan jiya. Ina zargin ɗanyen itace ya sa mini, duk da ya rantse busasshe ne.

Yanzu wasu na cewa maɗaci, wasu marke. Kuɗin sassaƙa sau uku ba ni da shi.

Tsakanin maɗaci da marke, wanne ne ba ya murɗewa tsakanin damina da hunturu? Na gode.