Neman shawara: labarin binciken kisa ya tsaya mini

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Ina rubuta labarin binciken kisa, na ɗora shi a kan abin da ya faru a gonar Hinterkaifeck ta ƙasar Jamus, daren 31 ga Maris 1922, inda aka kashe mutum 6: iyalin gidan biyar da 'yar aikin da ta iso a ranar. Kafin nan maigidan ya ga sawun mutum a dusar ƙanƙara, daga daji zuwa gidan, babu na komawa. Sai 4 ga Afrilu aka gano gawarwakin, amma a tsakanin nan wani na ba dabbobi abinci, hayaƙi na tashi daga gidan.

Nan na cije. Me zai zaunar da mai kisa yana kula da shanu? In na mai da shi ɗan ƙauyen, mai karatu zai gano shi tun babi na uku. In baƙo ne, ina ruwansa da dabbobin? Ɗan sandana kuma ba shi da gwajin ƙwayar halitta, ga jama'a sun tattake wurin kafin ya iso. Wace hujja zan ba shi wadda za ta shiga hankali? Don Allah ku taimaka mini.