Wane irin murfi zan sa wa injin leza da na haɗa da kaina?

Mai tambaya, Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan uwa. Sana'ata zana suna a kan fata da katako. Na haɗa injin leza da kaina, kansa kawai na sayo ta intanet, mai shuɗin haske, wat 10, an rubuta 450nm a jikinsa. Mai walda ya yi min akwatin, saura murfi. A Sabon Gari an nuna min akrilik, wato robar nan mai kama da gilashi, fari garai-garai da ake gani ta cikinsa, mai shagon ya rantse irinsa ne a kan manyan injina. Wani kuma ya ce in sa gilashi in manna masa baƙar ledar gilashin mota. Shagona a ƙofar gida yake, 'yan Islamiyya in an tashi sai sun tsaya leƙe. Wanne zan ɗauka?

Injiniya, Samaru: Wa alaikumus salam. Malam, duka biyun ka bar su. Mai shagon bai yi ƙarya ba, sai dai injinan da yake nufi masu bututun CO2 ne. Haskensu nanomita 10,600 ne (nanomita, ko nm, shi ne ma'aunin zangon haske da ke bambanta wani haske da wani), ido ba ya ganinsa, kuma farin akrilik yana shanye shi, shi ya sa ma suke iya yanka akrilik ɗin. Naka nanomita 450 ne, shuɗi ne da ido ke gani. Duk abin da ka leƙa ta cikinsa ka ga shuɗin sama tas, to hasken injinka zai ratsa shi ya wuce. Abin da ya dace da kai shi ne akrilik mai ruwan lemo ko ja wanda aka yi musamman don leza, an buga masa lambar OD, wato ma'aunin ƙarfinsa na tare haske, da zangon hasken da yake tarewa, kuma 450 ya faɗa cikin zangon. OD 4 na nufin kashi ɗaya cikin 10,000 ne ke wucewa. Yi lissafi: wat 10 miliwat 10,000 ne, saura miliwat 1 ke nan. Ni dai da OD 5 ko 6 zan nema, tunda akwai yara.

Mai buga kati, PZ: Ni kam ba na wahalar da kaina. Samo guntun roba mai ruwan lemo wajen masu allon shago, sa takarda a bayanta ka kunna. In takarda ba ta ƙone ba, shi ke nan.

Anti Nas: Haba ɗan uwa, ido ai ba takarda ba ne. Ƙwayar ido tana tattara haske ta mayar da shi ɗigo guda a kan tantanin bayan ido, hasken da ko ɗumama takarda ba zai yi ba ya isa ya ƙona wurin. Tantanin nan ba ya jin zafi. Mutum sai dai ya ga wani baƙin tabo ya tsaya masa a tsakiyar gani, kuma galibi tabon ba ya tafiya. Ba sai hasken ya doki ido kai tsaye ba, ko daga kan kusa mai sheƙi ya yi tsalle ya isa. Ƙanena, ka hana yaran nan tsayuwa har sai an gama murfin.

Injiniya, Samaru: Gaskiyar Anti. Launi kaɗai ba shaida ba ne, robar talla don kyau aka rina ta. Haka ledar mota da tabarau na rana: duhu suke sa wa ido ya ƙara buɗewa, babu wanda ya auna abin da suke tarewa a 450.

Baba Mai Walda, Kwangila: Yaro, me ya sa dole sai murfin duka an gani ta cikinsa? Lanƙwasa farantin ƙarfe, shafa masa baƙin fenti marar sheƙi ta ciki, ka huda taga kamar tafin hannu biyu ka sa robar mai lamba. Kuɗin ya ragu, ga shi ƙarfe ba ya cin wuta, akrilik kuwa yana ci sosai. Bakin murfin ya sauko ya rufe gefen akwati, kada a bar tsaga. Sannan ka sa ƙaramin makunni a bakin, da an ɗaga murfi wutar lezan ta yanke. Wannan kada ka ce sai gobe, yaro hannunsa ya riga tunaninsa.

Mai tambaya, Tudun Wada: Allah ya saka da alheri, na fahimta. To hayaƙin fa, in na rufe ruf? Akwai ragowar ledar bana, wato wadda ake buga talla a kanta, da nake so in riƙa yankawa.

Injiniya, Samaru: Fanka mai zuƙa ta baya, bututu ya fita waje ta inda ba a zama, da 'yar kafar shigar iska wadda aka yi wa lanƙwasa don haske kada ya fito. Ledar bana kuwa a'a. Yawancinta irin robar da ake kira PVC ce, in ta ƙone tana fitar da iska mai sinadarin kulorin da ke cin huhu, ta kuma sa ƙarafan injin tsatsa. Fatar roba ma da yawanta haka take, ka tsaya kan fatar gaske. Kafin robar taga ta iso, aje tsohuwar waya a ciki ka riƙa kallo ta kyamara, tukunyar kashe gobara kusa da hannu, kuma kada ka bar injin yana aiki ka tafi masallaci.