Awarwaron azurfa na Spratling, me ya sa yake tsada haka?

Yar_Baba: Jama'a don Allah wa ya san William Spratling? Ina ganin awarwaronsa a gwanjon intanet, tsohuwar azurfa ce duk ta yi baƙi amma kuɗin kamar na zinare.

Kawu Sule: Ƴata ai sunan ake saya ba nauyin ba. Ba'amurke ne, malamin zanen gini, ya koma garin Taxco a Meziko a 1929, ya buɗe maƙera a 1931 ya tara maƙera suna ƙera zanensa, siffofin mutanen da na ƙasar ya ɗauko ya rage musu tarkace, wani lokaci ya haɗa da katako ko dutse, tun da ya rasu a hatsarin mota a 1967 kayan hannun farko ba sa ƙaruwa.

Mai_Zobe: Anti ki yi hattara, jabu sun cika kasuwa wlh, hatimin ma kwaikwayonsa ake. Hatimin gaggafa sai wajen 1948 gwamnatin Meziko ta fara bugawa a jikin kayan azurfa, in an ce miki na 1930 da wani abu ne kuma ga gaggafa, ki gudu. Ni dai na Margot de Taxco, wata mai zanen kayan azurfa a garin, sun fi burge ni, masu kala-kalan nan.

Yar_Baba: To baƙin fa Kawu, in na saya in goge?

Kawu Sule: A'a fa! Ƙyalle mai laushi kawai, masu tarawa baƙin nan suke so.